Awon Ilmin Manya: Ma'aunin Ƙasashen Duniya da Lissafin Kantin Kwari

Ran 10 ga watan Disamba, 2024, ƙungiyar nan ta ƙasashe masu arziki da a ke kira OECD, mai mazauni a birnin Faris, ta bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 31 cikin 2022 da 2023. Mutum wajen 160,000 aka jarraba, daga mai shekara 16 zuwa mai 65, aka auna su kan abu uku: karatu tare da fahimtar abin da aka karanta, da lissafi, da kuma dabarar warware matsala. Sunan wannan awo PIAAC. Ƙasar Finlan ce ta zo kan gaba, Japan da Suwidin da Norwe da Holan na tare da ita a sahun farko. A wajen karatu mutanen Finlan sun tashi da maki 296 bisa ma'aunin da iyakarsa 500 ce, matsakaicin ƙasashen ƙungiyar 260, Chile kuwa ta zo ƙarshe da 218. Abin da ya tā da hankalin hukumomin ilmi shi ne, cikin shekara goma da awon farko, in ban da Finlan da Danmak babu ƙasar da karatun manyanta ya ƙaru sosai. A wasu ma raguwa ya yi.

Babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin waɗannan 31, babu kuma cikin waɗanda suka shiga zagayen farko wanda aka soma a 2011. Sabo da haka mai karatu ya iya cewa wannan zance bai shafi ƙasar Hausa ba. Amma fa a 1958 ma da UNESCO ta yanke ma'anar mai iya karatu, ba da shawarar Kano aka yanke ba, duk da haka da ita aka yi ta ƙirga mutanen Kano shekara da shekaru. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa iya karatu da lissafi na manya cikin manufofin raya ƙasa da a ke so a cim ma kafin 2030. Mudun da manyan attajirai suka yarda da shi, ko ba daɗe ko ba jima, shi za a kawo rumfar kowa. Ya kamata tun kafin ya iso a san abin da zai kama da abin da zai zubar, in an kai shi wuri irin Kantin Kwari.

A dā hanyar ƙirga masu karatu guda ce, watau a tambayi mutum, ko maigidansa, a ce ya iya karatu da rubutu? In ya ce i, a rubuta shi cikin masu ilmi. Ma'anar UNESCO ta 1958 ta ce mai iya karatu shi ne wanda zai karanta, ya kuma rubuta, gajeren zance mai sauƙi game da zamansa na yau da kullum, yana fahimtarsa. Ma'ana ce mai kyau, sai dai ba safai a ke gwada kowa a gani ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi a 2010 ya ba da kashi 57.9 cikin ɗari na manya masu iya karatu da Turanci, da kashi 71.6 masu iyawa da kowane harshe. Ratar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita kaɗai ta isa ta nuna cewa amsar tana bin yadda aka yi tambayar. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya ɗan matsa gaba: a kan miƙa wa mutum kati mai ɗauke da jimla a ce ya karanta. Ta haka aka sami kashi 53 cikin ɗari na mata da kashi 72 na maza, masu shekara 15 zuwa 49. Amma ko wani yanki na jimlar mutum ya iya karantawa, an ƙirga shi. Wanda ya wuce sakandare kuwa ba a ma miƙa masa katin, ɗauka a ke yi ya iya.

Awon ƙasashen duniya ya tashi ne daga ƙin wannan rabo na gida biyu, mai ilmi da jahili. Na farkonsa shi ne IALS, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Kanada da OECD suka gudanar daga 1994 zuwa 1998 a ƙasashe ashirin da 'yan kai. Aka daina tambaya, aka koma gwaji. A kan ba mutum takardar magani, ko jadawalin motar haya, ko labarin jarida, a tambaye shi abin da zai nemo ciki. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba; Faransa ma janye nata ta yi a 1995, ta ce ba ta yarda da fassarar tambayoyin da yadda aka zaɓi mutane ba. Wannan gardama ta fassara ya kamata malamin Hausa ya riƙe ta, gama in har tsakanin Turanci da Faransanci an yi ta, me za a ce tsakanin Turanci da Hausa? Daga 2003 zuwa 2008 aka yi na biyu, mai suna ALL, aka ƙara lissafi da warware matsala. PIAAC shi ne na uku.

Ga yadda a ke yinsa. A kowace ƙasa a kan zaɓi mutum wajen 5,000 ta hanyar ƙuri'a, yadda za su tsaya a madadin jama'a duka. Ma'aikaci ya je gidan mutum, ya fara da tambayoyi kan makarantar da ya yi da sana'arsa da abin da ya ke samu, sa'an nan ya miƙa masa na'ura ya bar shi da ita. Ba a ƙayyade lokaci, an kuma yarda ya yi amfani da kalkuleta. Babu wanda a ke ba tambayoyin duka. Kowa da yankin da ya faɗo masa, daga baya masana ƙididdiga su haɗa amsoshin su fitar da matsayin jama'a. Watau ba jarrabawa ce da mutum zai ci ko ya fāɗi ba, babu kuma wanda a ke ba takardar shaida. Ma'aunin karatu da na lissafi an kasa su mataki-mataki: daga maki 176 zuwa 225 mataki na 1, zuwa 275 na 2, zuwa 325 na 3, har mataki na 5 wanda ya fara daga 376. Mai mataki na 1 zai iya tsamo abu guda daga gajeren rubutu. Mai mataki na 3 zai karanta dogon rubutu, ya gwama wannan da wancan, ya yar da abin da bai shafi tambayar ba.

Lalle wannan aiki ne na hankali, ya kuma fi tambayar baka nesa. Amma akwai sharuɗɗa biyu a gindinsa waɗanda ba a cika ambatarsu ba. Na ɗaya, da harshen hukuma a ke yinsa. A Kanada an yi da Turanci da Faransanci, a Finlan da harshe biyu, amma a Singafo da Turanci kaɗai, aka ga tsofaffin ƙasar sun faɗo ƙasa ƙwarai, alhali da yawansu da Sinanci ko wani harshe suka yi makaranta. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, tambayar lissafi rubutacciya ce. Sai mutum ya bi ta ƙofar karatu kafin a ga lissafinsa. Wanda bai iya karanta tambayar ba, ko da ya fi kowa ƙidaya, ma'aunin ba shi da idon ganinsa.

To, a dubi Kantin Kwari. Tana cikin Fagge, wadda tun kafin zuwan Turawa zango ce ta ayarin Buzaye da fataken arewa a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari don baƙi ma'aikata daga kudu, aka kuma keɓe wa Kwarori, watau Siriyawa da Labanawa, wuri a nan gefen Fagge, suka gina kantuna haɗe da gidajen kwana, suna sayar da yadi da sari. Dokokin mai da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suna cikin abin da ya sa cinikin ya koma hannun Hausawa. Shi ya sa har yanzu gida-gida da layi-layi a ke kiran sassan kasuwar. Da masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, kaya suka koma zuwa daga Sin da Indiya da Dubai, masu saye kuwa suna zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru da kudancin Nijeriya. Cinikin tufa a Kano ba sabo ba ne. Barth da ya zo a 1851 ya kimanta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla, a zamanin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Jama'ar da ta ƙirga wuri miliyoyi da hannu, keso-keso na zambar ashirin, ba yau ta fara lissafi ba.

A ɗauki misali. Baƙo ya zo daga Maraɗi zai sayi atamfa turmi 40, kowane turmi a kan naira 9,500. Mai kanti ba zai jera lambobi ya ninka daga dama zuwa hagu kamar yadda a ke koyarwa a aji ba. Zai cika kuɗin ya mai da shi dubu goma, ya ce dubu ɗari huɗu ke nan, sa'an nan ya cire ɗari biyar-biyar sau arba'in, watau dubu ashirin, ya ce dubu ɗari uku da tamanin. Wannan dabara ta cikawa a rage tana cikin harshen kansa, tun da Bahaushe ya kan ce ashirin ba ɗaya, ko talatin biyu babu. Baƙon kuma da sefa ya zo, kuma ba da faran ya ke ƙirga ba, da dala ya ke yi, kowace dala faran 5. Abin da aka rubuta 2,500 a jikin takarda shi dala ɗari biyar ya ke ce masa, ko jika biyu da rabi. Jakar mutumin Kano kuwa naira 200 ce, gadon fam ɗari na zamanin kafin 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira ta maye gurbin fam, naira biyu a fam guda. Kalma ɗaya, ƙima biyu, kuma ba a ruɗewa. Kafin a gama ciniki sai an ji farashin canji daga Wapa, wanda ke iya sākewa tsakanin hantsi da la'asar.

Ga kuma awon tsawo. Masaƙa a ƙasar waje da mita ta ke aiki, kasuwa kuwa da yadi, turmin atamfa yadi shida. Yadi bai kai mita ba, kashi 91 da ɗoriya ne cikin ɗari nata, sabo da haka mita 100 ta kan ba da yadi 109 da 'yan kai, watau turmi 18 da ragowar ƙyalle. Ribar mai yanka bandir sau da yawa cikin wannan ragowa ta ke. In shekara ta zagayo kuma ɗan kasuwa zai kimanta kayan da ke kanti, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da ya ke sa ran biya, ya fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in. Duk abin da ma'aunin PIAAC ke nema a wajen lissafi, kaso da ninki da juya awo zuwa awo da kimantawa, yana nan cikin wannan aiki. Abin da babu shi ne rubutacciyar tambaya da Turanci a kan gilashin na'ura.

Wannan ba zato ba ne kawai, gama an gwada irinsa a wasu ƙasashe. A 1967 Gay da Cole suka nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya sun fi Amurkawa masu ilmi iya kimanta yawan shinkafa a cikin ƙwarya. A 1985 Carraher da abokan aikinta suka bi yara masu talla a birnin Recife na Barazil: a bakin ciniki sun ba da amsa daidai kusan kashi 98 cikin ɗari, da aka rubuta musu lissafin nan tsirara a takarda sai abin ya faɗo ƙasa da kashi 40. A 2025 Banerjee da Duflo da wasu suka buga irin wannan sakamako daga kasuwannin Kolkata da Delhi, suka ƙara da wani abu mai ban tsoro ga malamin makaranta: 'yan makarantar da suka ƙware a lissafin takarda, da aka sa su ciniki, su ma sun kāsa. Gadar da ke tsakanin aji da kasuwa a karye ta ke ta kowane gefe.

Zancen karatu ya fi na lissafi sarƙaƙiya, domin a Kwari ba rubutu ɗaya ke aiki ba. Akwai boko na Hausa, akwai Turanci na banki da kwastan, akwai ajami, akwai Larabci, ga kuma lambobi da alamun Sinanci a jikin dila. Dattijon da ya yi makarantar allo ya sauke, ya zauna a zaure ya karanta littattafan fiƙihu, yana iya riƙe littafin bashinsa da ajami, sunan mai karɓa da garinsa da abin da ya rage. Wannan mutum, bisa ma'anar 1958, mai iya karatu da rubutu ne ba shakka. In aka miƙa masa kati da baƙaƙen boko ya mayar, za a rubuta shi cikin jahilai. Abin mamaki, Turawan mulki sun fi masu ƙidayar baya lura da wannan: ƙidayar jama'a ta 1952 ta ware masu karatun boko dabam, masu karatu da baƙaƙen Larabci dabam, aka kuwa tarar a Jihar Arewa na biyun sun fi yawa ƙwarai. Duk da haka yaƙin da aka ɗaura a shekarun nan, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, Yaƙi da Jahilci aka sa masa suna, hukumar NORLA ta Zariya tana buga masa littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, har aka rufe ta a 1959. Aikin ya yi amfani mai yawa, amma sunan ya bar tabo, don ya sa malamin da ya haddace littafi ya ji an kira shi da abin da ba shi ne ba. Takardun naira ma sun shiga wannan ja-in-ja: a 2007 aka cire ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka fitar da sabuwar naira 100 ba shi, aka bar shi a manyan takardu.

Scribner da Cole, cikin binciken da suka buga a 1981 kan mutanen Vai na Laberiya, waɗanda su ma rubutu uku gare su, nasu na gargajiya da Larabci da Turanci, sun tarar kowane rubutu da irin gwanintar da ya ke haifarwa, gwargwadon aikin da a ke yi da shi. Karatu ba abu guda ba ne da za a ce wane yana da mudu uku, wane mudu ɗaya. Wannan ita ce babbar sūkar da aka yi wa awon ƙasashen duniya, tana kuwa da ƙarfi.

Amma kada a wuce gona da iri. Akwai wata hanyar yabon kai da masana kan faɗa ciki, su ce tun da ɗan kasuwa ya iya lissafin ka, ai ba ya bukatar kome, ma'aunin Turawa ne ke da laifi. Kasuwar kanta ta ƙaryata wannan. Cikin watannin farko na 2023, da aka sāke fasalin naira 200 da 500 da 1,000 takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya da na'urar POS ko ana so ko ba a so. Mai kanti ya zama tilas ya karanta saƙon banki da Turanci, ya rarrabe kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, ya ƙirga sifiri kada ya ɗauki 38,000 a matsayin 380,000, ya kuma gane alat na gaskiya da na jabu. A watan Yuni na shekarar aka saki farashin naira, lissafin kayan da aka yi oda da dala ya zama abin sākewa kullum. Wanda ke sayo kaya daga Guangzhou yana da takardar farashi da ta jirgi da ta kwastan, ba kuwa da ka a ke karanta su ba. Waɗannan su ne ainihin irin ayyukan da PIAAC ke gwadawa. Wanda bai iya su ba ya dogara ga yaron kanti ko ɗansa ko akawu, kuma dogaro irin wannan yana da farashi: asirin ciniki ya fita daga hannunsa, in aka cuce shi ma sai daga baya ya sani. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wa mutane wahala, amma banki ba ya aiko da murya.

A nan ne wani bambanci ya ke fitowa game da abu na uku, watau warware matsala. Ma'aunin yana zaunar da mutum shi kaɗai, ba mai taimako. A zagayen farko ma wannan sashe a kan kwamfuta kaɗai aka yi shi, wanda bai saba da ita ba aka ba shi takarda ya yi karatu da lissafi, aka tsallake shi a nan. Faransa da Italiya da Sifen ba su ma shiga sashen ba. A Kwari kuwa matsala ba ta mutum ɗaya ba ce. In kaya suka maƙale a hanya, ko mai bashi ya ɓace, ko ruwa ya shiga kantuna kamar yadda ya faru a daminar 2022, ko gobara ta ci littattafan bashi kamar yadda ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, maigida ne da yaransa da dillali da shugabannin layi za su haɗu a warware. Gwanintar a rarrabe ta ke tsakanin mutane: wannan ya san kaya, wannan ya san rubutu, wannan ya san mutane. Sanin wanda za a ba bashi na miliyoyi ba takarda, da wanda za a hana cikin fara'a, ilmi ne da ke ɗaukar shekaru, ba kuwa tambayar na'ura da za ta taɓo shi. Ma'aunin da ke auna mutum ɗaya-ɗaya zai ba da labarin gaskiya game da kowannensu, ya ba da labarin da bai cika ba game da kantin.

Ba a rasa ƙoƙarin kawo awon kusa ba. Bankin Duniya ya yi wani bincike mai suna STEP a biranen Gana da Kenya a 2013, ya ɗora sakamakon karatun bisa ma'aunin PIAAC. A Gana da Turanci aka yi gwajin. Wanda ya fi shafar Hausa shi ne LAMP, wanda cibiyar ƙididdiga ta UNESCO ta soma a 2003 don ƙasashe masu tasowa. Nijar na cikin ƙasashen da aka gwada kayan aikinsa, aka shirya su da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Watau an riga an taɓa zuba irin waɗannan tambayoyi cikin Hausa. LAMP ya kuma ba da ƙarfi ga awon tubalan karatu, sanin baƙi da haɗa gaɓa da karanta kalma da jimla, don a san inda mai rauni ya tsaya maimakon a tara su duka a ƙasan ma'auni. A 2011 Nijar ta shiga wani shiri mai suna RAMAA tare da Burkina Faso da Mali da Maroko da Senegal, don auna abin da ɗaliban ajin manya ke fita da shi. A jihohin Doso da Damagaram kuma Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada koya wa ɗaliban ajin manya amfani da wayar hannu a 2009 da 2010, aka ga sun fi sauran riƙe rubutu da lissafi, domin sun sami abin yi da karatun bayan an tashi daga aji.

Kano ba baƙuwa ba ce ga ilmin manya. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta jiha a 1980, shekara goma kafin Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa a 1990. Abin da aka saba ƙirgawa shi ne yawan azuzuwa da yawan waɗanda suka karɓi takardar shaida. Abin da ɗalibin ya iya yi da karatunsa bayan shekara biyu, wannan sai da awo irin wanda a ke zance a kai.

In za a yi shi da Hausa, aikin ba na masu ƙididdiga kaɗai ba ne, kuma fassara ba za ta wadatar ba. Wahalar tambaya tana cikin tsawon jimla da baƙuntar kalma da yawan abin da ke janye hankali, waɗannan kuwa ba sa ƙetarawa daga harshe zuwa harshe yadda su ke. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sabo da haka kalma kamar gari ko fari sai jimla ta raba gardama. Wannan wahala ce da Turanci ba shi da irinta, shi kuma yana da tasa ta haɗa baƙaƙe wadda Hausa ba ta da ita. Sai an yanke ko wace Hausa za a rubuta, tun da Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kalmomin hukuma kuma can daga Faransanci aka aro su, nan daga Turanci. Ajami ya fi wuya, don ba a taɓa daidaita ƙa'idarsa yadda Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 suka yi wa boko ba. Malamin Kano da na Sakkwato suna iya rubuta kalma ɗaya ta hanya biyu, wanda ya saba da rubutun warash kuma ya kan yi tuntuɓe a kan bugun gabas. Mai shirya kati da ajami sai ya zaɓi hannun da mutanen wurin suka saba gani. Tambayoyin lissafi kuwa ya kamata a yi su iri biyu, ɗaya a karanta wa mutum da baki ya amsa da baki, ɗaya a ba shi a rubuce, a ajiye makin kowanne dabam. Ratar da za ta fito tsakaninsu ita ce abin da malamin kwalejin horon malamai ya fi bukatar sani, domin ita za ta gaya masa ko ɗalibin ajin manya lissafi ya rasa, ko kuwa hanyar rubuta lissafin da ya riga ya iya. Koyarwar waɗannan biyu ba ɗaya ba ce, kuma dattijon da ke juya miliyoyi in aka fara shi da ɗaya a tara da ɗaya, ba zai dawo aji gobe ba.

Saura zancen wanda za a auna. Awon nan gida-gida a ke binsa, ba kanti-kanti ba. Masu zama a kantunan Kwari galibi maza ne, amma kaso mai yawa na atamfa da leshin da ke fita daga can cikin gidaje ya ke ƙarewa, a hannun matan aure masu sarowa su sayar wa 'yan'uwansu mata bashi, ana biya kaɗan-kaɗan, ana haɗawa da adashi. Polly Hill ta rubuta kan wannan ciniki na cikin gida a ƙasar Katsina tun 1969, Enid Schildkrout kuma ta bi sawunsa a birnin Kano cikin shekarun 1970. Mace irin wannan tana riƙe da bashin mutum ashirin ko talatin, wani a ka, wani a littafi, wani yanzu a waya, da yawansu kuma a makarantun Islamiyya na matan aure suka koyi karatu, da Larabci da Hausa. Ma'aikaci namiji mai ɗauke da na'ura iyakarsa zaure, abin da zai samu kuwa shi ne abin da maigida ya faɗa masa, watau an koma tambayar baka ta dā. Sai an horar da mata masu awo, waɗanda suka iya boko da ajami duka, kafin a sami lambar da za a dogara da ita game da rabin manyan Fagge.